Perrine Mai Guga, Wadda Aka Ɗora a Kan Bagade

Perrine Chauvet tana da shekara ashirin da takwas a sanyin bara, lokacin da aka ɗora ta a kan bagaden cocin garinmu. Kafin ranar, in ka tambayi mutane wace ce ita, za su ce maka ai doguwar nan ce mai guga, 'yar Radegonde ta Layin Majema. Iyakar abin da za su ce ke nan, don ba ta taɓa yin abin da zai sa a ƙara wata magana a kai ba.

A layin nan aka haife ta, a gida mai ɗaki biyu wanda warin jima ba ya rabuwa da shi. Ubanta Aubin keken doki yake kora da kayan 'yan kasuwa. Tana da shekara shida keken ya kife da shi a mashigin kogi, aka kawo gawarsa a kan ƙyauren ƙofa. Daga nan uwarta ta riƙe gidan da wanki da guga, babban aikinta kuwa kayan coci ne: rigunan Fada da mayafan bagade, teburin dutsen nan da yake tsayawa a gabansa ya yi addu'a. Perrine ta tashi ta tarar da ƙa'idar aikin. Ƙananan ƙyallayen da suke taɓa ƙoƙon tsarki, mace ba ta sa musu hannu sai Fada ya fara ɗauraye su da kansa sau uku. In an gama guga, a bakin shingen katakon da ya raba bagade da jama'a ake ajiye kwando, mai kula da coci ya shigar da shi. Shekara ashirin tana kai kwando bakin shingen nan, ƙafarta ba ta taɓa tsallake shi ba, ba ta kuma taɓa tambayar dalili ba.

Karatu a wurin Sista Scholastique ta same shi, ɗaya daga matan da suka keɓe kansu don hidimar coci. Ajin 'yan mata ɗaki ne guda a jikin gidan sistoci, mai taga uku da murhun ɗumama ɗaki. 'Ya'yan talakawa karatu kawai ake koya musu don su iya bin littafin addu'a, rubutu na 'ya'yan masu hali ne. Amma Sista, gajeruwar mata mai kaifin baki, ta kama yarinyar tana zana haruffa da yatsa a kan raɓar taga.

"'Yar mai wanki, wa za ki rubuta wa wasiƙa? Sabulu?"

Haka ta ce, sannan ta miƙa mata allon dutse da alli, ta ce ta riƙa tsayawa bayan an tashi.

Tana da ashirin da biyu ta auri Hilaire mai ƙera gangar giyar inabi, mutum mai shiru-shiru da ba ya daka mata tsawa. Shekara biyu suka yi zazzaɓi ya ɗauke shi, ba su samu haihuwa ba. Ta tattara kayanta ta koma Layin Majema, ta ɗauki dutsen guga daga inda ta ajiye shi.

Da juyin juya hali ya iso garinmu, abubuwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon Fada ya ƙi yin rantsuwar biyayya da sabuwar hukuma ta nema, ya gudu. Wanda ya gaje shi bai daɗe ba ya tuɓe rigar ya yi aure. Aka kori sistoci daga gidansu, aka kulle ajin 'yan mata, aka cika shi da ciyawar dawakin soja har rufi. Sista Scholastique, wadda ita ma ta ƙi rantsuwar, ta koma ƙuryar gidan ɗan ƙanenta tana ɓare albasa. Makarantar maza kuwa ba ta rasa ko yini ɗaya ba.

Toinette matar mai burodi ce ta fara kawo 'yarta Lison ɗakin gugar Perrine, ta ce ko baƙi ne a nuna mata kada ta manta. Daga ɗaya suka zama uku, daga uku suka zama goma sha ɗaya. A ƙasa suke zama tsakanin kwandunan wanki, hayaƙin gawayi yana sa su tari, Perrine tana guga da hannu ɗaya tana nuna layi da ɗayan. Wata rana ƙaramarsu, Nanette, ta miƙe don ta nuna allonta, damtsenta ya haɗu da dutsen guga mai zafi. Tabon yana nan har yau. Tun daga ranar Perrine ta ƙudurta cewa sai ta samo wa yaran nan makullin ajinsu.

A lokacin mata suna da ƙungiyarsu, su wajen talatin. Duk Alhamis suke haɗuwa, suna saƙa wa sojoji safa, Perrine tana karanta musu jarida. Sau biyu ta rubuta takardar koke a kan makullin, suka sa hannu, waɗanda ba su iya ba suka yi alama, aka kai wa ƙungiyar maza wadda take juya garin. Sau biyu aka ce ana dubawa. Mai karɓar takardun shi ne magatakarda Firmin Delorme, saurayi ɗan shekara ashirin da uku da bai daɗe da gama karatun lauya ba, siriri mai yawan ƙifta ido. Shi ne ya taɓa tsayawa a gaban matan ya ce da aka raba hankali ba a ware wa maza babban kaso ba, abin da aka hana mata shi ne allo. Suka tafa masa har kunnuwansa suka yi ja. Shi ne kuma, wata huɗu bayan haka, ya zo da umarni daga Paris ya karanta musu cewa an rufe duk ƙungiyoyin mata. Daga ranar mace tana iya hawa benen kallo a zauren maza ta zauna ta saurara, amma ba ta da baki.

A benen nan Perrine take zaune da saƙarta ranar da aka tayar da maganar bikin. Shugaban ƙungiya, Barnabé Touzet mai sayar da gishiri da kyandir, ya ce garuruwan da ke kewaye duk sun mai da cocinsu Ɗakin Hankali sun yi biki, har an aiko daga gunduma ana tambaya me ya sa namu garin ya yi shiru. Kowa ya san abin da irin wannan tambayar take jawowa. Ya ce ba gunkin dutse za a kafa ba, kada jahilai su durƙusa masa. Mace za a nema, mai rai, mai mutunci, ta zauna a kan bagade a matsayin Uwargijiyar Hankali.

"To ai ga matarka, ɗan ƙasa Touzet," in ji wani daga baya, da irin kiran da juyin ya kawo.

"Matata? Mutum huɗu aka ce za su ɗauka, ba takwas ba."

Aka yi dariya. Touzet ya nuna maƙeri. "Kai Sulpice, 'yarka fa? Kyakkyawa ce, ba ta biyo ka ba."

"An sa mata rana. Uwar mijin nan nata in ta ji, sai dai in aurar da ita ga uwar maƙerata."

"Ƙanwarka, likita?"

"Tari take yi."

"Jiya na gan ta tana ciniki a kasuwa, muryarta har bakin gada."

"Da yamma ya kama ta."

Haka aka zagaye zauren. Kowa ɗan kishin ƙasa ne, kowa kuma yana da dalili. Can Sulpice ya sosa ƙeya ya ce, shi a ganinsa a nemi wadda ba ta da uba ko miji da zai ce a'a. Perrine ta ga kawuna suna ɗagowa sama ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuyar da nata a kan safar da take saƙawa.

Da safe Firmin ya zo ɗakin guga, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa. Yaran ba su iso ba tukuna.

"'Yar ƙasa Perrine, an aiko ni."

"Na ji aiken tun jiya. In za ka shigo shigo, kana sa mini sanyi a ɗaki."

Ya shigo ya fara bayani, wai ba bauta ba ce, alama ce kawai, wai girmamawa ce ga mata duka.

"Girmamawar da kowa ya ɓoye 'yarsa," in ji ta, ba ta ɗago daga rigar da take gogewa ba. "Me zan faɗa in na hau?"

"Ba... ba za ki ce komai ba. Uwargijiya ba ta magana."

"Ashe. Shi ya sa kuka ga mace ta dace."

Ta mai da dutsen kan garwashi, ta ɗauko wani, ta tofa masa yawu ta ji zafinsa.

"Makullin ajin 'yan mata," ta ce. "A kwashe ciyawar, a ba ni makullin, da takarda mai hatimi cewa ni ce malama. In ba haka ba ku ɗora Sulpice, ku yafa masa mayafi."

"Ba ni da ikon yi miki wannan alkawarin."

"To je ka nemo mai iko."

Bayan kwana biyu ya dawo da takardar, da sa hannun Touzet da hatimi. Makulli sai an gama biki. Ta karanta sau biyu, ta ninke ta sa a ƙirji.

Da dare suka zauna cin miyar kabeji ita da uwarta. Radegonde ta ture kwanonta gefe.

"Shekara talatin ina wanke mayafin bagaden nan, ko gefensa ban taɓa takawa ba. Ke kuma za ki je ki ɗora masa ɗuwawu."

"Inna, awa biyu ne kawai."

"Awa biyu."

"Yara goma sha ɗaya ne. Kin ga hannun Nanette."

"Allah yana gani, Perrine."

"Yana ganin hannun Nanette ma."

Tsohuwar ta tashi ta koma bakin murhu. Perrine ta so ta je ta gaya wa Sista Scholastique da bakinta kafin ta ji a gari. Sau biyu tana kaiwa bakin layinsu tana juyowa.

Ranar bikin an wayi gari da ƙanƙara a kan rufin gidaje. A gidan hukuma matar Touzet ta shirya ta, tana yi tana kau da kai. Farar rigar da aka sa mata, Perrine na taɓa ta ta gane daga babban mayafin bagade aka yanka ta, don ga ɗinkin da uwarta ta toshe wata ƙuna da shi, ya faɗo daidai gwiwarta. Aka yafa mata shuɗin mayafi, aka kafa mata jar hula, aka ba ta mashi. Kujerar shugabar sistoci aka ɗaure a kan sanduna biyu. Maza huɗu suka ɗaga, ɗayansu gajere ne, sai kujerar ta karkace, ta bi titi tana riƙe da hannun kujera kada ta zame.

"Ɗaga kafaɗa, Gilles, za ka zubar mana da uwargijiya a kwata."

"Ku ne kuka yi tsawo. Da ita ta ɗauke ni ma da mun fi sauri."

Ganga tana gaba, jama'a suna biye. Matan ma sun zo, don an ce za a lura da wanda bai zo ba. Suka taru can baya kusa da ƙofa, mayafansu a ja har goshi.

An cire ƙofar shingen. Perrine ba ta ma san lokacin da aka tsallaka da ita ba, sai dai ta ji an dire kujerar a kan allunan da aka shimfiɗa bisa bagade. Ta runtse ido tana jiran wani abu ya same ta. Babu abin da ya same ta. Ta buɗe.

Ba ta taɓa ganin cocin daga wannan wajen ba. Duk rayuwarta ƙeyar mutane take gani, yau ga fuskoki ɗari huɗu a ƙasa, duk sun ɗago suna dubanta. Ga alkali da bai taɓa amsa gaisuwarta ba. Ga likita, ga Sulpice da bakinsa a buɗe, ga Touzet da yake jefa mata rigunansa ba tare da ya dubi fuskarta ba, yau yana rusunawa. Hasken babbar taga ya sauko a kan hannuwanta masu tabon ƙuna. Wani abu mai ɗumi ya taso mata daga ciki ya cika ƙirjinta, ta ji bayanta ya miƙe da kansa. Ta ji daɗi. Kafin ta ankara fuskarta ta saki.

Bai fi ƙiftawa biyar ba. Touzet ya hau mumbari ya fara jawabi. Ya ce zamanin camfi ya wuce, hankali ya yi nasara. Ya nuna ta da hannu ya ce ga abin koyi ga matan garin nan, ga kunya, ga shiru, don halitta kanta ta ware wa mace murhu da goyo, ta bar wa namiji zaure da magana, kuma wannan hankali ne ya tabbatar da shi, ba wani Fada ba. Maza suka tafa. Perrine tana zaune a samansa da mashi a hannu, ba ta ce uffan ba. Ta nemi Firmin da ido, ta same shi a gindin mumbari ya ƙura wa takalmansa ido.

Da aka tashi, maza suka wuce dandali inda aka fasa gangar giya. Babu wanda ya tuna da yadda za ta sauko. Ta tattare rigar ta dirgo da kanta, ta nemo takalmanta na katako, ta bi ta bayan gari ta koma gida. Uwarta ta dubi rigar, ta dubi ɗinkin da ke gwiwa, ta juya fuska bango.

Washegari Firmin ya kawo makullin. Kwana uku suka yi suna kwashe ciyawa su biyu, shi da bai taɓa riƙe cokalin ciyawa ba tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bai yi ƙorafi ba, bai kuma iya haɗa ido da ita ba. Ta shafe bango da farar ƙasa, ta wanke tagogi, ta gyara ƙafar benci biyu. Ta aika gida-gida cewa an buɗe aji.

Ran farko ta hura murhu tun da sassafe, ta jera alluna goma sha ɗaya, ta zauna. Agogon gari ya buga takwas, ya buga tara, ya buga goma. Ta ce ƙila sanyi ne. Rana ta biyu ma haka. A ta uku ta kashe wutar don kada itace ya ƙare a banza, ta yafa mayafi ta nufi gidan burodi. A hanya wasu mata biyu suka tsallaka ɗaya gefen titi, ta ji ɗayar ta ce, "Ga gunkiyar nan."

Toinette tana kankare katakon kwaɓi. Ba ta ce mata ta zauna ba.

"Ina Lison?" in ji Perrine. "Ajin yana nan da ɗumi. Ke kika fara sa hannu a takardar koken."

"Ni ce."

"To me ya faru? Kin san abin da ya sa na hau. Ba don kaina ba ne."

Toinette ta ajiye wuƙar. "Mun sani. Da aka shigo da ke ni har hawaye na yi, na ce wa na kusa da ni, dubi abin da suka yi wa marainiya don ba ta da mai tsaya mata. Da kin yi kuka, Perrine, ko da kin sunkuyar da kai, da yanzu yaran suna wurinki, mu ce dole aka yi miki. Amma murmushi kika yi. A kan bagade. Ba ni kaɗai na gani ba."

Perrine ta so ta ce sanyi ne ya ja mata fuska, ko hasken taga ne. Ta ji kunnuwanta suna zafi, ta rasa inda za ta sa idonta sai kan garin alkamar da ya zube a ƙasa.

"Ba na ƙin ki," in ji Toinette, muryarta ta yi ƙasa. "Amma ba zan ba ki 'yata ba. Gara ta tashi ba ta san baƙi ba."

Daga nan ba gida ta koma ba. Ta wuce layin da ta kasa shiga sau biyu, ta ƙwanƙwasa. Sista Scholastique tana ƙuryar ɗaki cikin tsohuwar rigar matar gidan, wadda ta yi mata yawa, kwanon wake a cinya. Ta tsufa ƙwarai a shekara ɗaya, idanunta sun yi hazo.

"Wace ce? Matso, ba na gani daga nan. Au. Uwargijiya ce da kanta. Yi haƙuri ban tashi ba, gwiwa."

Perrine ta durƙusa a gabanta, ta ajiye makullin a kan waken, ta faɗi komai, ba ta rage ba. Har murmushin ta faɗa.

"Na ji daɗi, Sista. Ba ƙarya suka yi mini ba. Da na ga duk suna ƙasa ina sama, na ji daɗi."

Tsohuwar ta daɗe tana juya makullin a hannu.

"Shekara arba'in ina leƙen wurin nan daga bayan shinge," ta ce. "Yaya cocin yake daga can?"

Perrine ta share hanci. "Mutane ƙanana ne. Kuma rufin yana yoyo a kusurwar hagu, ba wanda ya sani."

Sista ta yi wani sauti a maƙogwaro, ko tari ko dariya. "Gafara ba a hannuna take ba, ni ba Fada ba ce, kuma ba zan ce miki abin da kika yi ƙarami ne ba. Ki kai wa Wanda kika zauna a teburinsa. Yanzu me kike so da ni? Ba kuka kika zo yi mini da makulli a hannu ba."

"Ke za su ba ki yaran."

"Ni da hukuma ta hana ko da buɗe littafi a gaban yaro? So kike a yanke mini kai ina da shekara saba'in?"

"Sunana ne a takarda. In an zo dubawa ni ce malama, ke kin shigo jin ɗumi ne."

"Magatakardan nan naku mai ƙifta ido fa?"

"Zai rubuta abin da na gaya masa."

Haka kuwa aka yi. Firmin ya saurare ta har ƙarshe, fuskarsa ta yi fari, ya ce ta san abin da za a yi masa in aka gane. Ta ce ta sani. Ya ce to. Tun daga lokacin duk kwana goma yana rubuta wa gunduma cewa 'yar ƙasa Chauvet tana koyar da 'yan mata yadda doka ta tsara, ya buga hatimi.

Iyaye mata suka yarda, da sharaɗi ɗaya da Toinette ta kawo: kada yaran su tarar da Perrine a ɗakin, kada kuma ta yi musu magana a hanya. Ta ce ta amince. Safiyar farko yara tara suka zo. Nanette ba ta cikinsu, iyayenta sun tura ta aikatau ƙauye.

Yanzu shekara guda ke nan, yaran sun kai ashirin da uku. Bikin Hankali kuwa ko wata shida bai yi ba aka daina zancensa, aka zo da wani sabon biki, shi ma ya wuce. Touzet yana cewa shi dama bai taɓa son abin ba, mutane suna sayen kyandir a wurinsa kamar da. Babu wanda yake tuna waɗanda suka ɗauki kujerar. Wadda aka ɗauka kawai ake tunawa. Rabin masu kawo mata guga sun janye. Radegonde tana dafa abinci na mutum biyu, amma sai 'yarta ta gama take ci.

Kullum da asuba Perrine tana buɗe ajin, ta share, ta hura murhu. Da yake Sista ba ta ganin abin da hannunta yake rubutawa, Perrine ce take bin allunan ɗaya bayan ɗaya tana rubuta layin da kowace yarinya za ta kwaikwaya ranar, 'yar mai hali da 'yar mai wanki duk ɗaya. Kafin agogo ya buga takwas ta fice ta ƙofar baya. Yaran sun ɗauka rubutun Sista ne.

Makon jiya tana durƙushe a wurin wanki a bakin kogi, can ƙarshen layi inda take zama ita kaɗai, Toinette ta zo wucewa da kwando a kai. Ta rage tafiya, idonta yana kan ruwa.

"Wutsiyar nan da ake lanƙwasa wa haruffa ta yi yawa," ta ce, kamar da kogin take magana. "Lison tana kuka a kai kullum. A rage mata."

Ba ta jira amsa ba ta wuce. Perrine ba ta ɗago ba, ta ci gaba da bugun rigar da ke hannunta har sai da zafin fuskarta ya sauka. Da asuba ta ɗauki allon Lison, ta goge abin da ta fara rubutawa, ta sake shi da haruffa miƙaƙƙu, manya-manya, ta ajiye a wurin zaman yarinyar, ta fita ta baya.